Kafinta, Tsohuwa da Shagon Maɓalli: Tambayoyi da Amsoshi kan Fim ɗin Obchod na korze

Yawancin finafinan Yaƙin Duniya na Biyu da muka saba gani na tankoki ne da jiragen sama. Wannan ba haka yake ba. Titi ɗaya ne a wani ƙaramin gari, da shago ɗaya, da mutum biyu. Ga tambayoyin da masu kallo suka fi yi a kansa. Wanda bai gani ba ya sani cewa za a faɗi yadda labarin ya ƙare, domin ba a iya maganar fim ɗin da gaske sai an taɓo ƙarshensa.

Wane fim ne, kuma su wa suka yi shi?

Fim ne na ƙasar Cekoslobakiya, ya fito a 1965, baƙi da fari, tsawonsa awa biyu da 'yan mintoci. Sunansa da harshen Slobak Obchod na korze, wato shagon da ke kan babban titin da mutanen gari ke fitowa shan iska. Da Turanci an san shi da The Shop on Main Street. Daraktoci biyu ne suka haɗu a kansa, Ján Kadár da Elmar Klos, labarin kuwa na Ladislav Grosman ne. An ɗauki yawancinsa a garin Sabinov da ke gabashin Slobakiya, wadda a lokacin wani ɓangare ce na Cekoslobakiya.

Jozef Kroner ne ya fito a matsayin kafinta Tono Brtko, Ida Kamińska kuma ta fito a matsayin tsohuwa Rozaliya Lautmann. A 1966 fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau a harshen waje, karo na farko da ƙasar ta samu wannan kyauta. Shekara guda bayan haka aka saka Kamińska cikin jerin masu neman kyautar gwarzuwar jaruma.

Ba labarin nesa ba ne ga waɗanda suka yi shi. Kadár Bayahude ne, ya yi aikin tilas a sansani lokacin yaƙin, iyayensa sun mutu a Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi da ke Polan. Grosman ma Bayahuden gabashin Slobakiya ne, ɗan garin Humenné.

Mene ne labarin?

Shekarar 1942 ce. Tono kafinta ne talaka, ba ruwansa da siyasa, daga shi sai karensa da kayan aikinsa. Matarsa Evelina kullum cikin gori take, tana ganin mata na cin daɗi ita tana fama. Mijin 'yar'uwarta, Markus, shi ne kwamandan 'yan bangar gwamnati a garin, kuma shi da Tono ba sa ga-maciji saboda wata tsohuwar rigimar gado. Wata rana da daddare Markus ya zo gidan da abinci da giya, aka ci aka sha, sannan ya zaro takarda mai hatimi: an naɗa Tono ya karɓi shagon wata Bayahudiya a babban titi, inda ake sayar da maɓalli da zare da allura.

Da safe Tono ya tafi da takardarsa. Ya tarar da tsohuwa mai nauyin kunne, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ya yi bayani, ya ɗaga murya, ya nuna takarda, ita kuwa ta ɗauka an turo mata mai taya ta aiki ne. Sai ga wani dattijo, Kuchar, ya ja shi gefe ya nuna masa gaskiyar lamari: akwatunan da ke kan kanta duk fanko ne, shagon ya daɗe da karyewa, Yahudawan garin ne ke haɗa kuɗi suna ciyar da ita a ɓoye. Markus ya ba shi ƙashi ne ba nama, manyan shagunan kuwa sun tafi hannun manya. Aka daidaita: Yahudawan za su riƙa biyan Tono albashi, shi kuma ya bar tsohuwar cikin rashin saninta.

Haka aka zauna. Tana dafa masa abinci, ta ba shi kwat ɗin mijinta da hularsa, shi kuma yana gyara mata tsofaffin kujeru da kabad. Har ranar da aka ce Yahudawan garin duk su fito dandali da kayansu.

Da gaske an yi dokar da ta ba mutum shagon maƙwabcinsa?

An yi. A ranar 14 ga Maris 1939 aka ayyana Slobakiya a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta a ƙarƙashin inuwar Hitler. Shugabanta Jozef Tiso limamin cocin Katolika ne. Jam'iyya ɗaya ce ke mulki, tana da 'yan banga masu baƙin kaki da ake kira Dakarun Hlinka. A lokacin Yahudawan ƙasar sun kai kimanin 89,000.

Gwamnati ta kafa ofishi na musamman don raba su da dukiyarsu. Cikin shaguna da masana'antu fiye da 12,000, an rufe kusan 10,000 baki ɗaya, sauran kimanin 2,000 aka miƙa wa waɗanda ba Yahudawa ba. Ana kiran wanda aka ba wa shago arizator, daga kalmar Aryan, wadda 'yan Nazi ke amfani da ita da nufin wai "tsarkakakken jini". Kamar yadda fim ɗin ya nuna, mai uwa a gindin murhu ne ke samun mai tsoka. Da yawa daga cikin masu karɓar ba su san kan sana'ar ba, sai su bar mai shagon na asali yana aiki su kuma su zo ɗaukar riba.

A ranar 9 ga Satumba 1941 aka fitar da kundin dokokin Yahudawa mai sashe 270, wanda ya hana su auren wanda ba nasu ba, ya toshe musu makarantu da sana'o'i, aka kuma tilasta musu ɗaura tauraro ruwan ɗorawa a riga.

Abin lura a nan shi ne yadda ƙwace ya share wa kora hanya. Da aka raba dubban mutane da abin yi, sai gwamnatin da ta talauta su ta koma tana kukan sun zame mata nauyi. Wanda kuma ya riga ya zauna a shagon wani, ba zai so mai shi ya ci gaba da wucewa ta ƙofar kullum ba.

Me ya sa ba a ganin Jamusawa suna aikata abin?

Domin a 1942 ba su ne suka aikata ba a titunan Slobakiya. Sojan Jamus bai mamaye ƙasar ba sai a 1944. Masu rubuta sunaye, da masu buga ganga suna shela, da masu tsaron dandali, duk 'yan gari ne, sun san kowa da sunansa da na ubansa. Gwamnatin Tiso ma biyan Jamus ta amince ta yi, mak 500 na kuɗin Jamus a kan kowane Bayahude da aka kwashe, da sharaɗin ba zai dawo ba kuma Jamus ba za ta nemi dukiyarsa ba.

A ganina wannan ne ƙarfin fim ɗin. Da baƙo ne ya yi ɓarna, da mai kallo ya tsine masa ya tafi ya kwanta. Amma a nan mai ɓarnar surukin gida ne, ana cin tuwo da shi.

To Tono mugu ne ko mutumin kirki?

Wannan ce tambayar da aka fi jayayya a kanta, kuma duk wanda ya amsa da sauri bai kalli fim ɗin da kyau ba.

Tono ba ya ƙin Yahudawa. Ba ya son 'yan banga, har kwaikwayon Hitler yake yi don dariya idan ya sha. Bai nemi shagon ba, kawo masa aka yi. Yana tausayin tsohuwar, daga baya ma ya shaƙu da ita fiye da yadda ya shaƙu da matarsa. Duk wannan gaskiya ne.

Amma kuma ya karɓi takardar. Ya tafi shagon da niyyar zama mai shi. Da ya ga babu komai a ciki bai ce a bar zancen ba, sai ya yarda waɗanda ake zalunta su riƙa biyansa don kada ya zalunce su, yana kai kuɗin gida yana jin kansa namiji. Kirkinsa duk irin wanda ba ya cin ko kwabo ne: gyaran kujera, gaisuwa, cin abincin da aka ba shi. Ranar farko da kirkin ya nemi a biya shi da wani abu mai tsada, sai ya rikice.

Bahaushe yana da kalmomi da dama ga irin wannan mutum, kuma babu ɗaya da ta yi masa daidai ita kaɗai. Ba azzalumi ba ne irin Markus. Ba munafuki ba ne sosai, don ba ya nufin cuta. Ya fi kusa da mutumin "ba ruwana", wanda kuma idan rabo ya biyo ta ƙofarsa ba zai tambayi daga ina ba. Kowace unguwa tana da irinsa da yawa, kuma a lokacin zaman lafiya su ne ake cewa ba su da matsala da kowa. Mulkin zalunci ba ya buƙatar kowa ya zama mugu. 'Yan banga ɗari sun isa, muddin sauran mutanen gari kowa an ba shi ɗan abin da zai ji tsoron rasawa.

Anya tsohuwar ba ta san abin da ke faruwa ba?

Fim ɗin ya bar ƙofar a buɗe. Kunnenta ya yi nauyi, idonta ya raunana, kuma mutanenta sun haɗa baki sun ɓoye mata. Duniyarta ita ce shago, da addu'a, da ranar Asabar, ranar hutun ibadar Yahudawa, da ba ta yarda a buɗe ƙofa komai rintsi. Wani mai kallo zai ce tana jin abin da take so ne kawai. Ko ma yaya ne, rashin jin nata ya zame wa Tono mafaka. Tun da ba ta gane an ƙwace mata shago ba, shi ma ba sai ya gane ya ƙwace ba.

Sai can kusa da ƙarshe ta leƙa ta ga jama'a a dandali da ƙunshin kayansu. Kalma ɗaya ta fito daga bakinta, pogrom, sunan da Yahudawan gabashin Turai ke kiran farmakin da gungun mutane ke kai wa unguwanninsu tun zamanin sarakunan Rasha. Ashe ba sabon abu ba ne a wurinta, ta riga ta san shi.

Me ya kawo barkwanci a cikin labari irin wannan?

Rabin farko na fim ɗin abin dariya ne ƙwarai: kafinta da bai san kan maɓalli ba yana fama da mata masu saye, ga kurma ga mai ihu, ga kwat ɗin da ya mai da shi kamar Charlie Chaplin. Ana busa badujala a titi, mutane na yawo da kwalliyar Lahadi suna ɗaga wa juna hula. A tsakiyar dandali kuma ana gina wata doguwar hasumiyar katako don girmama gwamnati, aikin da Tono ke jin haushin ba a ba shi ba.

Dabara ce. Mai kallo yana dariya yana sakin jiki kamar yadda mutanen garin suka saki jiki, hasumiyar na ƙara tsawo a bayansa, bai ankara ba sai dariyar ta maƙale masa a wuya.

Sauran mutanen titin fa?

Evelina ba ta taɓa tambayar tsohuwar ba, tambayarta ɗaya ce: ina zinaren da Yahudawa ke ɓoyewa? Ta ji ana faɗa, ta yarda, ko da yake mijinta na ganin kanta fanko kullum. Rigimar ta kai Tono ya lakaɗa mata duka, abin da ke nuna cewa mai tsoron 'yan banga a waje yana da ƙarfin hannu a ɗaka.

Akwai mai aski Katz, Bayahude dattijo, wanda ke haɗa kayan aikinsa cikin natsuwa yana mamakin yadda hukumar da ya yi wa biyayya duk rayuwarsa ta juyo kansa. Sai Kuchar, wanda ba Bayahude ba ne amma yana taimakonsu. Shi aka kama, aka yi masa jina-jina, aka rataya masa allo a wuya mai cewa "farin Bayahude", aka ajiye shi inda kowa zai gani. Ba don Kuchar kaɗai aka yi ba. Wasiƙa ce ga duk mai tunanin ɓoye wani, kuma Tono ya karanta ta sarai.

Yaya ya ƙare?

Ranar Asabar ce. Ana kiran sunaye da lasifika a gaban shagon, Tono na ciki yana shan giya yana leƙe. Ba a kira sunan tsohuwar ba. An manta da ita ne, ko Markus ne ya ɗana masa tarko don a kama shi da laifin ɓoye Bayahudiya? Gaba kura, baya sayaki. Cikin minti kaɗan sai ya canza ra'ayi sau da yawa: ya lallashe ta ta ɓuya, ya dawo yana haɗa mata kaya yana jan ta zuwa ƙofa, ya sake tuba. Da ya hango 'yan banga na matsowa, sai ya tura ta da ƙarfi cikin wani ɗan ɗaki ya kulle.

Aka kwashe mutane, dandali ya yi tsit, ba wanda ya shigo neman ta. Ya buɗe ƙofa yana kiranta, ya tarar ta mutu. Ya rataye kansa. Hoton ƙarshe mafarki ne: su biyun cikin fararen haske da kayan ado, suna tafe a titin, badujala na tashi.

Da ya dage, zai iya cetonta?

A cikin labarin, abin takaicin shi ne da ya zauna shiru da ta kwana da rai, aƙalla a ranar. Tsoronsa ne ya kashe ta, ba harsashin kowa ba. A tarihi kuwa, akwai 'yan Slobakiya da suka ɓoye Yahudawa a rumbu da ƙarƙashin ƙasa, musamman bayan mamayar Jamus a 1944 lokacin da hukuncin hakan kan kai ga kisa. Ko a majalisa, ranar 15 ga Mayu 1942 da aka amince da dokar kora, an samu mutum ɗaya, János Esterházy, da bai ɗaga hannu ba. Saboda haka ba gaskiya ba ne a ce babu zaɓi. Sai dai fim ɗin yana nuna cewa Tono ya makara. Lokacin da ƙin yarda ke da arha, wato daren da aka miƙo masa takarda a kan teburin abinci, ya wuce shi.

Ina aka kai waɗanda aka tara a dandali?

Jirgin ƙasa na farko ya tashi daga garin Poprad ranar 25 ga Maris 1942 da 'yan mata kusan 1,000, aka ce musu aiki za su je yi. Auschwitz aka kai su. Daga Maris zuwa Oktoba na shekarar an kwashe mutum fiye da 57,000 a taragun dabbobi zuwa Auschwitz da yankin Lublin a Polan, 'yan ɗaruruwa ne kawai suka rayu. Wakilin fadar Fafaroma a Bratislava, babban birnin ƙasar, Giuseppe Burzio, ya nuna rashin amincewa, amma a watan Agusta Tiso ya tsaya a garin Holíč ya kare korar a bainar jama'a.

Bayan tawayen da 'yan ƙasar suka yi a Agustan 1944, Jamus ta shigo da sojanta aka sake kwashe wasu fiye da 13,000. Jimillar Yahudawan Slobakiya da aka kashe ta kai wajen 70,000.

Da abin da ake yi wa Falasɗinawa, me zai sa mu kalli fim na tausayin Yahudawa?

Tambaya ce da mutane da yawa ke riƙe da ita a zuci, gara a fito da ita. Rozaliya tsohuwa ce mai sayar da maɓalli a 1942, shekara shida kafin a kafa ƙasar Isra'ila. Ba ta da soja, ba ta da gwamnati. Wanda ke jin zafin a rushe wa mutum gida ko a ƙwace masa gona saboda asalinsa, to abin da aka yi mata ke nan, kuma tunanin da ya halatta shi, wato a ɗora wa mutum laifin dukan jinsinsa, shi ne dai wanda muke kuka da shi idan an yi wa namu.

Kuma ba baƙon zance ba ne a wurinmu. Yara ma sun haddace hadisin da ke cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. An kuma ruwaito cewa Abdullahi ɗan Amr, da aka yanka akuya a gidansa, tambayar da ya yi ita ce ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude. A titin su Tono an ci gadon maƙwabci ne tun yana numfashi.

Wanda ya ga rikicin Jos ko na Kaduna, ko ya ji yadda aka ƙona rumfunan 'yan Arewa a kasuwar Sasa ta Ibadan a 2021, ya san cewa bayan masu kunna wuta akwai masu zuwa kwasar ganima, kuma galibi ba baƙi ba ne. Ya kuma san akwai irin su Kuchar: a Yunin 2018 Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa a yankin Barikin Ladi, ya fito ya tsaya a gaban maharan.

Ana iya kallonsa da iyali?

Babu tsiraici, babu hotunan sansanin kisa. Akwai shan giya da yawa, da dukan mata, da kisan kai a ƙarshe, don haka bai dace da ƙananan yara ba. Harshen Slobak ake yi da ɗan Yidish, harshen Yahudawan gabashin Turai, akwai fassarar Turanci a ƙasan allo. Wanda ya saba da fim mai gudu zai ji rabin farkon yana jan ƙafa. Ya daure.

Bayan yaƙi an mayar wa mutane shagunansu?

Mafi yawan masu su ba su dawo ba. 'Yan kaɗan da suka dawo sun tarar da wasu a gidajensu, kuma ba a yi musu maraba ba. A Satumban 1945, wata huɗu bayan ƙarewar yaƙi, mutanen garin Topoľčany suka far wa Yahudawan da suka tsira, aka jikkata mutane da dama. Jita-jita ce ta kunna wutar, cewa wai wani likita Bayahude yana yi wa yara allurar guba, amma a ƙarƙashinta akwai fargabar waɗanda ke zaune kan dukiyar da za a ce su mayar. Da 'yan gurguzu suka karɓi mulki a 1948, sai gwamnati ta haɗiye shagunan gaba ɗaya.

An rataye Tiso a Bratislava ranar 18 ga Afrilu 1947. Gwamnatin Slobakiya ta nemi gafara a hukumance kan kundin dokokin nan a Satumban 2021, shekara 80 cif bayan fitar da shi.

Su ma masu fim ɗin ba su zauna ba. Bayan tankokin Tarayyar Sobiyet sun shiga Cekoslobakiya a Agustan 1968, Kadár ya koma Amurka, Grosman ya tafi Isra'ila. Ida Kamińska, wadda ke shugabantar gidan wasan kwaikwayon Yahudawa a Warsaw, ta bar Polan a wannan shekarar, lokacin da gwamnatin ƙasar ta tayar da wani sabon kamfe na ƙin Yahudawa da ya kori dubbansu. Shekara uku ke nan kacal da fitowar fim ɗin. Ta rasu a birnin New York a 1980.